Wasiƙa zuwa ga amini: kafin ka sayi tayoyin nan

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya kuma kewa? Saƙonka ya same ni, hotunan motar ma sun iso. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya. Na daɗe ina kallon wanda ka ɗauka ta gefe, yadda ta lafe ƙasa kamar kyanwa ta hango ɓera. Na san halinka, ba don ka riƙa lallaɓawa ka sayi salun irin wannan ba. Tun muna samari kai ne mai cewa ba a sanin mota sai an ba ta wuta a kwana.

Ka ce tayoyin da ta zo da su sun kusa sudewa, har ka turo min hoton waɗanda ranka ya kwanta da su, masu ƙarancin zane da faffaɗar kafaɗa, irin na filin tsere. Na so in amsa a waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin layi biyu, don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar. Amsar dai ita ce kada ka saye su. Dalilin kuwa a jikina na ji shi.

Ka tuna motata ta da, mai ja da ƙafafun baya kamar taka? Na taɓa sa mata irin waɗannan. Makon farko ji na yi kamar an canza min mota. Sitiyari ya yi kaifi, da na ɗan motsa hannu hancin motar ya bi, kwanar da nake shiga ina ɗar-ɗar na koma shigarta ina fito. Ran nan da sassafe aka yi ruwa, ba mai yawa ba ma, ya ɗauke ya bar kwalta tana sheƙi. Na iso wata lanƙwasa da na sani kamar yunwar cikina, gudun da nake bai ma kai wanda na saba ba. A tsakiyarta ruwa ya ɗan kwanta, faɗinsa bai fi tabarma ba. Ina taɓa totur sai na ji motar ta yi sakayau, bayanta ya zame waje, fitilar gargaɗi na ta ƙyaftawa a gabana. Kafin in ce me, tayar baya ta daki dakalin gefen titi, ƙau! Na fito gwiwoyina na rawa. Rim ya lanƙwashe, gefen tayar ya yi ƙululu kamar an cusa ƙwai a ciki. Allah ya taimake ni babu kowa a wurin.

Ban ga laifin tayar ba. Abin da aka yi ta dominsa ta yi, ni ne na kai ta inda ba wurinta ba. Robar irin wannan taya sai ta yi zafi take kama kwalta da kyau, kuma zafin da take so sai an yi ta zagaye fili ana murza ta ake samunsa. Kai kuwa da za ka fito da safe, ka tsaya a danja, ka bi bayan babbar mota, yaushe za ta yi wannan zafin? Sannan ga zanen. Kwaruruwan nan da ke jikin taya magudanan ruwa ne. Duk nauyin motar a kan wurare huɗu yake, kowanne bai wuce tafin hannu da yawa ba, kuma a cikin ƙiftawar ido dole tayar ta kore ruwan da ke gabanta kafin roba ta taɓa ƙasa. In magudanan sun yi kaɗan, ko sun sude, ruwan ba ya samun hanyar fita, sai tayar ta hau kansa ta koma kwalekwale. A wannan lokacin birki ba ya ji, sitiyari ba ya ji. Kada kuma ka ce ai motarka na da ABS, mai hana taya ƙamewa in an taka birki, da na'urar hana zamewa. Tawa ma tana da su. Waɗannan na'urori ba sa ƙirƙiro riƙo, wanda taya ta ba su kawai suke rabawa, in ba ta ba su komai ba sai dai su yi ta ƙyafta fitila.

Shi ya sa nake cewa ka zaɓi taya don ranar da ta fi muni, wato ranar ruwa da wani zai faɗo maka hanya ka take birki har ƙasa. A busasshiyar kwalta kusan duk tayar kirki ta fi ƙarfin abin da mai hankali zai nema a titin jama'a. Bambancin gaske a jiƙaƙƙiya yake fitowa.

Akwai ajin da aka yi don mutum irinka, tayoyin lokacin zafi masu ƙarfin riƙo waɗanda aka ƙera don titi. A cikinsu akwai Michelin Pilot Sport 4S da Pilot Sport 5, da Continental SportContact 7, da Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6, da Bridgestone Potenza Sport, da Pirelli P Zero. Ba zan ce maka ga sarkinsu ba, don mujallun motoci na gwada su shekara-shekara, kuma wadda ta zo ta ɗaya a wannan girman sai ka ga ta zo ta uku a wancan. Kowacce ka ɗauka cikinsu ba ka faɗi ba. Abin da ya sa suke iya haɗa riƙon busasshiyar hanya da na jiƙaƙƙiya, har da sinadarin silika da ake cakuɗawa cikin robar, wanda Michelin ya fito da shi kasuwa a 1992, yau kuma kusan kowa na amfani da shi. In za ka karanta gwaje-gwajen, ka tsallake shafin wace ta fi saurin zagaye fili, ka tafi kai tsaye kan tazarar tsayawa a ruwa. Can za ka ga mita nawa ke tsakanin ta sama da ta ƙasa, sai ka ƙiyasta mitocin da tsawon motarka.

In tayar na ɗauke da takardar Tarayyar Turai, wadda aka sabunta a 2021, za ka ga haruffa daga A zuwa E. Ɗaya na cin mai ne, ɗaya na riƙo a ruwa, sai kuma adadin ƙara. Na ruwan nake so ka ga A. Na man ko C ne ko D kada ya dame ka, wanda ya sayi mota irin taka ya riga ya yi sallama da tsimin mai.

Akwai kuma wata lamba ta tsarin Amurka da ake bugawa a gefen taya, mai nuna jimirin zane. Pilot Sport 4S tana da 300. Irin Potenza RE-71RS, wadda masu gasa ke so, 200 gare ta. Tayoyin masu tafiya a hankali kuwa sukan kai 500 ko fiye. Waɗanda ka turo min ’yan ajin 200 ɗin ne. Sai dai kowane kamfani shi ke auna tasa, don haka lambar ta fi amfani wajen gwada tayoyin gida ɗaya, kada ka riƙe ta kamar alƙawari. Ka dai sani tun yanzu, roba mai kama kwalta roba ce mai ci, ba za ta yi maka shekarun da tayar motar ɗaukar yara ke yi ba.

Yanzu girma. Na ƙara hasken hotonka na karanto abin da ke gefen tayoyin: gaba 225/45 R18 95Y, baya 255/40 R18 99Y. Lambar farko faɗi ce da milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, amma kashi cikin ɗari na faɗin, wato kashi 45 na 225 ya ba ka kusan milimita 101, kashi 40 na 255 ya ba ka 102. Ka ga ba da ka aka zaɓe su ba, an yi ne don gaba da baya su zo tsayi ɗaya. 18 ɗin girman rim ne da inci. 95 na nufin tayar na ɗaukar kilo 690, 99 kuma kilo 775. Harafin Y ya ce an gwada ta har kilomita 300 a awa, W 270 ne, V kuma 240. Na san ba za ka kai can ba, in ma kana da niyya to ka cire, amma kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Harafin na nuna yadda tayar ke jure zafi, kuma mai yawan murza mota zafi yake tara mata. In ka ga XL a takardar, wato taya mai ɗaukar ƙarin nauyi, shi ma ka neme shi. Wasu kamfanonin motoci kan sa a yi musu taya ta musamman mai tambari, tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi. In ka samu mai tambarin motarka, madalla, in ba ka samu ba ba abin ɗaga hankali ba ne.

Na ga ka ɗan taɓo maganar rim mai inci 20. Kallon kitse kake wa rogo. A kan 20 gefen tayar gaba zai koma kamar milimita 79, ka yi asarar fiye da 20 na abin da ke shanye duka tsakanin rim da rami. Ƙafar kuma yawanci ta ƙara nauyi, ƙafa mai nauyi kuwa ba ta bin gargadar hanya da sauri, sai ta riƙa tsalle a daidai inda kake so ta manne. Za ta yi kyau a hoto, wannan ban musa ba. Ni dai da motata ce a 18 zan bar ta, kuɗin rim ɗin in zuba su a roba mai kyau.

Wani abu da ya kamata ka duba kafin komai: ko tayoyin da ke kanta irin masu tafiya ba iska ne. Su gefensu mai tauri ne, in sun yi faci za su iya kai ka kamar kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Motocin da ke zuwa da su galibi ba su da safaya. In ka koma taya ta yau da kullum za ka ji motar ta yi laushi, amma sai ka ajiye famfo da maganin liƙe faci a but. Kada dai ka gauraya iri biyun.

Gauraye ma gaba ɗaya ka guje shi. Tunda ƙafafun bayanka sun fi faɗi, ba za ka iya juya na gaba su koma baya ba, kuma da irin ƙafarka a kan totur na bayan za su riga cinyewa. Ranar da suka cinye, a nan shaiɗan zai raɗa maka ka sa masu araha a baya tunda na gaba da sauransu. Araha ba ta ado. Mota mai riƙo a gaba da santsi a baya ita ce mai juyawa da mutum a kwana, ka ji yadda tawa ta yi. Ka sa iri ɗaya da na gaba. Kada kuma ka jira zane ya kai ɗan tudun nan da ke cikin kwarin, wanda ke nuna milimita 1.6, iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta yarda da ita. Daga milimita 3 riƙon ruwa ya riga ya ja baya sosai, ni a nan nake canzawa.

Ranar saye ka durƙusa da kanka ka nemi rubutun DOT a gefen kowace taya. Lambobi huɗun ƙarshe mako ne da shekara, in ka ga 1424 to mako na 14 ne na 2024. Roba na tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu a ajiya mai kyau ba komai, amma wadda ta yi shekara biyar a rana ana kiranta sabuwa, bar musu kayansu. Bayan an ɗaura kuma ka zagaya ka tabbatar gefen da aka rubuta Outside yana waje, don na taɓa ganin an juya shi ciki, mai motar bai lura ba sai da aka nuna masa.

Ka sa a yi balansin, a kuma duba saitin ƙafafu a ranar. Motoci irin taka ƙafafunsu kan ɗan kwanta ciki daga sama don su riƙe kwana, saboda haka gefen ciki ke fara ci, inda ido ba ya kaiwa. Ta waje sai ka ga taya garau, ka zura hannu ciki ka ji sumul, wani lokaci har waya ta soke ka. Iska kuwa ka bi ta takardar ƙofa, ba lambar da ke jikin taya ba, waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ka auna da safe kafin ka motsa, da gejinka na kanka. In ka dawo daga gudu ka ga ta hau, kada ka sace, zafi ne, za ta sauka. Sauyin yanayi na digiri 5 ko 6 ma kan motsa ta da kusan psi 1 a ma'aunin gejin.

Na kusa mantawa, ka taɓa ce min sanyin wajenku ba wasa ba ne. Duk tayoyin da na lissafa maka in yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarsu ta fara ƙandarewa, a kan ƙanƙara kuwa ba su da wani amfani. In abin na kaiwa haka, ko dai ka yi saiti biyu kana sauyawa, ko ka nemi mai zama duk shekara ka haƙura da ɗan kaifin sitiyarin da za ka rasa. Ni saiti biyu zan yi.

Kuma don Allah kada ka fito daga wurin ɗaurin ka wuce kai tsaye kwanar nan taka. Sabuwar taya na da ɗan santsi, sai ta yi ’yan ɗaruruwan kilomita take zama daidai. Za ma ka iya jin kamar ba ta kai tsohuwar kaifi ba, don dogon zane na ɗan motsi a ƙarƙashin mota, sudadde kuwa ba ya yi. Kada ka kira ni ka ce na cuce ka, ka ba ta mako biyu tukuna. In kuma har yanzu zuciyarka na kan waɗancan na hoton, ka saya musu rim nasu daban, ka kai su filin tsere inda babu mai tsallaka titi, in na zo sai ka ba ni zagaye ɗaya.

Ka turo min hoton takardar ƙofar, da na gefen ciki na tayoyin baya, ka sa hasken waya don in ga yadda suka ci. Ka gaida min mai ɗakinka da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran wasiƙar da ya yi min alƙawari.

Naka amini har kullum.