Kafin a ɗora kaya a mota, a gama magana

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu shirin tashi daga gidan haya.

Watan jiya na kwashe iyali daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, duk cikin Kano fa, na kira mai akori-kura a waya ya ce dubu 40, ni kuwa na ce to alhamdulillah. Ashe kuɗin sawu ɗaya yake nufi, kayan ɗakin uwargida kaɗai sai da suka ci sawu biyu, ga 'yan dako sun ce ba ruwansu da cinikin direba, da suka ga firij za a sauko da shi daga bene sai suka ƙara kuɗi, ga kafinta da zai kwance gado da wadirob ya sake ɗaurawa, shi kam ko tunawa da shi ban yi ba wallahi. Lungun sabon gidan ma mota ba ta shiga, sai da aka nemo masu baro.

Ban ga laifin direban sosai ba, tun cire tallafin mai a 2023 kowa lissafin fetur yake.

Shawarata a kira direba ya zo ya ga kayan da idonsa, a nuna masa gidan da za a koma, a tambaye shi sawu nawa, wa zai biya 'yan dako, in madubi ya fashe wa zai biya. A ji farashin mutum biyu ko uku, wanda aka daidaita da shi ya turo maganar ta WhatsApp.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano