Ana Shirin Korar Maigidana Bisa Shaidar Da Ba A Nuna Mana Ba

Assalamu alaikum Barista. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sauraron shirinka ce daga Ingila, inda muke zaune da maigidana da 'ya'yanmu uku.

An ba maigidana takardar kora daga ƙasar bisa dalilan tsaro, kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta musamman da ake kira SIAC, wadda aka kafa da dokar 1997 bayan hukuncin da Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke a shari'ar Chahal a 1996. Abin da ke hana ni barci shi ne an kasa shaidar gida biyu. Ta fili 'yan shafuka ce da ba su ambaci rana ko wuri ba, ita kuwa ta sirri daga shi har lauyanmu babu wanda zai gan ta, kuma fita za su yi daga zauren idan an zo kanta.

An naɗa masa lauya na musamman wanda zai karanta ta a madadinsa, amma an shaida mana cewa da zarar ya buɗe takardun, ba zai ƙara magana da mu ba sai da izinin kotu. Shi ya sa muka kwana uku muna zazzage tsofaffin fasfo da tikitin jirgi a tsakar falo, muna rubuta duk wanda ya taɓa cin abinci a gidanmu, alhali ba mu san wace tambaya muke amsawa ba. An ba shi beli, sai dai da na'urar sa ido a ƙafa, kuma autarmu kan tsaya tana kallonta duk lokacin da yake alwala.

Surukata ta dage cewa ya janye ƙarar mu dawo gida da mutuncinmu. Ni kuwa ina ganin janyewar tamkar amsa laifin da bai ma ji ba ce, kuma tabon zai bi yaran.

Barista, me ya kamata mu gabatar wa lauyan nan kafin ƙofar magana ta rufe? Kuma tunda ɗaukaka ƙara daga wannan kotu sai a kan kuskuren doka, ta yaya za mu gano kuskure a hukuncin da wani sashensa zai kasance a rufe?

Wassalam,
Mai sauraronka daga Ingila.