A Riƙa Tunawa da Gashaka-Gumti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu zuwa ga wani wuri da ba kasafai ake ambatonsa ba. Duk lokacin da aka tashi maganar yawon buɗe ido a Arewa, Yankari ce ke fara zuwa bakin mutane, alhali gandun dajin ƙasa mafi girma a Nijeriya shi ne Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, ya kuma ratsa jihohin Taraba da Adamawa da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000.

Na je can da sanyin hunturu tare da abokan aikina malamai. Daga Jalingo muka bi ta Bali muka isa Serti, inda hedikwatar gandun take, aka haɗa mu da jami'in da zai yi mana rakiya. Ba mu kuskura mu tinkari Chappal Waddi ba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan da mita 2,419, domin hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, mu kuwa gwiwoyinmu sun saba da aji. Tuddan da ke kusa da ƙauyen Gashaka ma sun ishe mu haki. Mun ga gwaggon biri garke guda, mun ga sawun ɓauna a bakin rafi, amma birin cimfanzi da dajin ya shahara da shi bai yarda mun gan shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na malamin tarihi, shi ne kufan sansanin sojan Jamus da ke kan tudu a Gashaka. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin Jamusawan Kamaru, ya koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya shigo Nijeriya ta ƙuri'ar raba gardama ta 1961. A allo nake rubuta wannan, yara su kwafa su manta. Ranar da na dafa duwatsun ginin da hannuna, sai na ji kunyar cewa ban taɓa kawo ko ɗalibi ɗaya ba.

Don haka nake roƙon makarantun Jalingo da Yola su riƙa kai ɗalibai can tsakanin Disamba da Maris, kafin damina ta cika koguna ta toshe hanyoyi. Ku ma, Malam Edita, ku daure ku tura wakilinku, ya kwana biyu a can, ya kuma zanta da Fulani makiyaya da ke zaune a kan tuddan tun kafin a shata iyakar gandun.

Wassalam.

Wani malamin tarihi,
Jalingo, Jihar Taraba.