Ba yawan ban tausayi ne ya kayar da fim ɗin makarantar rawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shafinku na fina-finai don in yi magana a kan wani hukunci da masu sharhi suka saba yankewa cikin gaggawa. Da zarar fim ya taɓo mutuwa da hawaye, sai a ce ya cika neman tausayin mai kallo, shi ke nan an gama da shi. Fim ɗin da zan kafa hujja da shi na Amurka ne, Marilyn Hotchkiss' Ballroom Dancing and Charm School, wanda Randall Miller ya ba da umarni, ya kuma rubuta tare da matarsa Jody Savin. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a 2005, ya shiga gidajen sinima a 2006, kuma galibin masu sharhi sun yi masa kaca-kaca da wannan zargin. Na yarda fim ɗin yana da rauni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda suka ce raunin yake.

Ga labarin a taƙaice. Robert Carlyle ya fito a matsayin Frank Keane, mai gidan burodi da matarsa ta kashe kanta. Yana cikin tuƙi ya iske wani mutum, Steve Mills, wanda John Goodman ya taka, ya yi mummunan hatsari. Steve na kan hanyar cika alkawarin da ya ɗauka tun yana yaro, cewa zai haɗu da wata yarinya mai suna Lisa a makarantar rawar da suka yi tare, ranar biyar ga wata na biyar na shekarar 2005. Da ya ga ba zai kai ba, ya roƙi Frank ya je a madadinsa. Frank ya je bai sami Lisa ba, amma ya ci gaba da zuwa aji, inda Mary Steenburgen ke koyarwa a matsayin 'yar mai makarantar, ya kuma haɗu da Meredith, wato Marisa Tomei.

Masu sharhi da yawa sun ɗauka haɗa makoki da rawa dabara ce kawai ta matso hawaye. Wanda ya san yadda ake koyar da rawar biyu-biyu ta Turawa ba zai ce haka ba. Ba al'adarmu ba ce, amma a inda take al'ada, akwai dalilin da ya sa gwauraye da zawarawa ke cika irin waɗannan azuzuwan, kuma dalilin yana cikin aikin kansa.

A ɗauki wals, wadda ake yawan fara koya wa sabon shiga. Kiɗanta bugu uku-uku ne, tsakanin bugu 84 zuwa 90 a minti ɗaya. Namiji zai kai ƙafar hagu gaba a bugu na ɗaya, ta dama gefe a na biyu, ya jawo ta hagu ta haɗe da ta dama a na uku. Sai ya mayar da ta dama baya, ta hagu gefe, ya haɗe. Taku shida ke nan, sun zana murabba'i a ƙasa, mace kuma tana yin kishiyarsa. Inda kusan kowane sabon ɗalibi ke faɗuwa shi ne bugu na uku: ya haɗe ƙafa amma bai mayar da nauyin jikinsa a kanta ba, sai ya sake tashi da ƙafar da bai kamata ba, ya taka abokiyar rawarsa. Daga nan sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa, kafaɗu su zube, riƙon ya lalace. Shi riƙon ma da ƙa'idarsa: hannun hagu na namiji riƙe da na daman mace wajen tsayin ido, tafin hannunsa na dama a kan allon kafaɗarta ta hagu, gwiwar hannu a ɗage. Idan ya damƙe da ƙarfi ba za ta iya juyawa ba, idan ya sake da yawa ba za ta gane inda ya dosa ba. Ga kuma zagayen fili, wanda kowa ke bi ta hannun da ya saɓa wa tafiyar agogo, don kada a yi karo.

To mutumin da ya yi watanni yana juya tunani guda a ransa, a sa shi ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya kula da nauyinsa, ya ɗaga kai ya dubi gaba, ya riƙe wani mutum ba tare da an nemi ya faɗi damuwarsa ba. Na tsawon waƙa ɗaya, babu sarari a kansa na wani abu dabam. Malamai kuma sukan sa a riƙa canza abokin rawa bayan 'yan mintoci, saboda haka dole ya gaisa da baƙi. Ajin kuma rana ɗaya ce tsayayya a mako, wadda ke fitar da shi daga gida ko yana so ko ba ya so. Wannan abu ne na gaske, kuma fim ɗin ya ɗauko shi daga inda ya dace.

Matsalar tana wajen gini. Miller ya taɓa yin gajeren fim mai wannan suna a 1990, a kan yara a makarantar rawa a 1962. Da ya zo yin dogon, sai ya ɗauko hotunan wancan ya mayar da su waiwaye na ƙuruciyar Steve. Har Elden Henson, wanda ya taka Steve yana yaro, ya dawo a sabon fim ɗin yana babba a wani matsayi dabam. Dabara ce mai kyau a takarda, amma ta bar fim ɗin da zare uku da ake saƙawa lokaci guda: yaran 1962, Steve yana ba da labari a bakin mutuwa, da Frank a aji. Fim ɗin bai kai awa biyu ba. Duk sa'ad da mai kallo ya fara zama da Frank, sai a yanke a koma wajen hatsari, daga nan a faɗa 1962.

Abin da aka rasa a wannan yanke-yanken shi ne koyo. Rawa a fim tana buƙatar hoto mai faɗi da zai nuna mutum daga kai har ƙafa, a bar na'urar ɗauka tana gudu, mu ga kuskure, mu ga an gyara, mu ga an sake kuskuren a mako na gaba amma ya ragu. Ta haka ne za mu gaskata cewa mutumin nan yana warkewa, domin mun gani a jikinsa. Idan ba a ba wannan lokaci ba, dole a nemi abin da zai cike gurbin, kuma abin da ke cikewa shi ne kiɗa mai taushi, fuska a kusa, da jawabi. Wannan cikon ne masu sharhi suka gani suka kira yawan ban tausayi. Sun ga hayaƙi, ba su nemi inda wutar take ba.

Sai kuma lodi. Ga taron gwauraye da Frank ke zuwa, da Sean Astin da Ernie Hudson da David Paymer a ciki, waɗanda daga baya suka biyo shi aji. Ga Donnie Wahlberg a matsayin ɗan'uwan Meredith mai zafin hannu. Ga malamar da har yanzu ke fama da inuwar mahaifiyarta. Ga wani sirri game da Steve da aka ajiye sai ƙarshe, inda Danny DeVito ya leƙo. Kowanne da nasa ciwon, kuma babu wanda ya sami isasshen lokaci, har shi Frank ɗin. Abin takaici ne, domin Carlyle ya yi wasan da ya kamace shi: mutum mai ƙarancin magana, kafaɗu a zube, ido a ƙasa, daidai siffar da malamin rawa ke fara gyarawa ranar farko.

Wanda ke shakkar cewa za a iya yin irin wannan labari da kyau, ya dubi Shall We Dance na Japan, wanda Masayuki Suo ya yi a 1996. Can ba mutuwa ba ce, ƙuncin rayuwar ma'aikacin ofis ne, amma an bar mu mun ga mutumin yana tuntuɓe a aji, yana maimaita taku shi kaɗai a tashar jirgin ƙasa, yana motsa ƙafa a ƙarƙashin teburin aiki. Shi ma fim ne mai taɓa zuciya, kuma masu sharhi sun yaba masa.

Roƙona, Malam Edita, idan masu rubuta muku sharhi za su ce fim ya cika neman tausayi, su faɗa mana a wace fitowa, me aka yanke, me aka sa a gurbinsa. Ga wannan fim, su ƙirga sau nawa aka bar waƙa guda ta kai ƙarshe a aji ba tare da an tsallaka zuwa wani zamani ba.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai bibiyar shafin fina-finai, Zariya.