Godiya ga maɗaba'ar da ta shimfiɗa wa marubutan Tahoua tabarma

Zuwa ga Alhaji mai maɗaba'a da dukan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a da yawun marubutan da ke haɗuwa a tsakar gidan maɗaba'arku duk Asabar bayan la'asar. Alhaji, ka ce kada mu ambaci sunanka, mun kuwa kiyaye. Amma yaba kyauta tukwici, kuma duk mai harkar takarda a Tahoua ya san gidan da nake nufi.

Ko dala ba ku taɓa karɓa ba. Tabarma taku, ruwan randa naku, gawayin shayi ma naku. In aka ɗauke wuta muna tsakiyar karatu, yaranku su tayar da inji ba tare da an roƙe su ba.

Kafin ku buɗe mana ƙofa, a WhatsApp muke zumunci. Mutum ya tura labarin da ya kwana yana rubutawa, a amsa masa da "Masha Allah", shi ke nan. Babu mai gaya masa inda zaren ya tsinke, don gyara ta waya saurin zama faɗa gare shi. A gidanku kuwa marubuci da bakinsa yake karantawa, yana kallon fuskokin mutane. In hankalinsu ya tafi ga butar shayi, ya san wurin ya yi sanyi tun kafin kowa ya tanka.

Wata malamar lakwal ta karanta mana babi kan matar da mijinta ya tafi ci-rani Abijan, labarin da kusan kowane gida a Adar, yankinmu na Tahoua, ya sani. Rubutu ya yi kyau, sai dai tsohuwar ƙauyen da ke cikinsa Kananci take zubawa, don da littattafan Kano malamar ta tashi, kamar yawancinmu. Wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗiyata, sake karanta maganar tsohuwar nan." Ta sake. Sai ya maimaita da muryar kakanninmu: "Tahi ki hwaɗa mai." Wuri ya ɗauki dariya, don kowa ya ji kakarsa. Nan take malamar ta buɗe kaye, wato littafin rubutunta, ta rubuta. Tun daga ranar nan, da yawanmu muke barin bayani cikin daidaitacciyar Hausa, mu bar mutanen labari su yi Adaranci. A ganina wannan gyara ɗaya ya fi yabon waya ɗari.

Sai batun ƙa'idar rubutu. Mu da muka yi lakwal da Faransanci hannunmu ya saba da "tch" da "ou" da "dj" a maimakon "c" da "u" da "j". Tun 1980 aka zauna a CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta Yamai, don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubuta harsunan ƙasa, amma ba kowa labarin ya isa gare shi ba. Mai buga muku rubutu a kwamfuta ce ta zauna da mu ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mana yadda ake fitar da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, har ta sa mana su a wayoyinmu. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun yi murna, amma doka ba ta rubuta littafi, sai an sami masu zama irin wannan.

Babban mai injinku ma malami ne. Shi ya fahimtar da mu cewa takarda ɗaya in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa, saboda haka a lissafa shafukan littafi huɗu-huɗu kada a biya kuɗin farar takarda. Ya kuma nuna mana dalilin da ya sa kuɗin kowane kwafi ke raguwa in an buga da yawa, tunda sau ɗaya ake shirya farantin bugu. Daga nan muka fara haɗa kuɗi muna sayen takarda tare.

Yamai ta fi kilomita 500 daga nan, can kuma manyan masu wallafa suke, da hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA. Yanzu in ɗayanmu zai tafi, da takardun ƴan'uwa yake tafiya. Wani ɗan kasuwa da muka sani a tabarmarku yana kai littattafanmu Ƙonni. Ɗaliban jami'ar Djibo Hamani sun fara zuwa, wasu da waƙa, wasu da wasan kwaikwayo.

Mata sun ce in yi muku godiya ta musamman, domin kun yarda a fara da karatunsu don su isa gida kafin magariba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare injinanku da masu aiki da su. Duk mai rubutu a Tahoua da kewaye, ya zo ran Asabar da shafi biyu ko uku a hannunsa.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin marubutan Tahoua