Ina Neman Gurbin Koyon Aiki da Zai Haɗa Rubutu da Kare Haƙƙin Jama'a

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da masu bibiyar wannan fili. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata jami'a a Amurka, ina karanta adabi da rubutun ƙirƙira da bizar ɗalibai ta F-1. Sashenmu ya wajabta wa kowa ya yi horon sanin makamar aiki na kiredit uku kafin ya kammala, kuma a lissafin jami'armu kiredit ɗaya awa 45 ne, wato awa 135 ke nan. Ina so in yi nawa a hutun bazara mai zuwa, a inda alƙalami ke yi wa waɗanda aka danne aiki: fursunoni, 'yan gudun hijira, ko yaran da ba su da galihu.

Na duba Handshake, inda jami'a ke saka tallan gurabe, na kuma duba Idealist. Abin da na gani ya rabu gida biyu. Mujallun adabi da kamfanonin ɗab'i mai tace rubuce-rubucen da aka turo musu suke nema, ba ruwansu da maganar haƙƙi. Ƙungiyoyin kare haƙƙi kuwa mataimaki a sashen sadarwa suke nema, idan aka karanta bayanin sai a tarar aikin Instagram ne da wasiƙun neman gudummawa. Ta yaya zan gane tun daga talla cewa za a bar ni in taɓa rubutu na gaske?

Akwai kuma maganar kuɗi. Yawancin guraben ba a biya, ga haya, ga shi jami'a na cajin kuɗin kiredit ko da a hutu aka yi kwas ɗin. Wasu ɗalibai na cewa idan ba a biyan mutum, ba sai ya nemi izini daga ofishin ɗalibai baƙi ba. Haka ne?

Abin da nake da shi na nunawa waƙoƙi ne da gajerun labarai biyu, ban sani ba ko su ya dace in tura. Sai tambayar da ta fi damuna: idan na ji labarin wani a wurin aiki, ya halatta in gina ƙagaggen labari a kansa bayan na sauya suna?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Ɗaliba daga Amurka

Wa alaikis salam 'yata,

Bari mu fara da biza, don ita ce kuskurenta ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Maganar da ɗaliban nan suke yi kada ki hau kanta. Rashin albashi ba ya mayar da aiki ya zama ba aiki ba a idon hukumar shige da fice, shi ya sa jami'o'i da yawa ke neman ɗalibi ya karɓi izinin CPT, wato izinin yin horon aiki da ke cikin tsarin karatunsa, ko da ba sisin kwabo a ciki. Ke kuwa naki ya zo da sauƙi, tunda sashenku ne ya wajabta horon kuma kin cika shekarar karatu guda, sharuɗɗan da ake dubawa ke nan. Za ki kai takardar ɗauka daga ƙungiyar, mai ɗauke da ranar farawa da ta gamawa, da yawan awanni a mako, da adireshin wurin, da bayanin aikin. Malamin da ke kula da karatunki ya sa hannu cewa aikin ya dace da fanninki, sannan jami'in ofishin ɗalibai baƙi ya fitar miki da sabuwar I-20, takardar da ke shaida matsayinki na ɗaliba mai F-1, da sunan ƙungiyar a jiki. Kada ki taka wurin aiki ko da na kwana ɗaya kafin ranar da ke kan takardar. Awa 20 a mako ko ƙasa da haka shi ne na wucin gadi, abin da ya haura cikakke ne, kuma wanda ya tara wata 12 na cikakken CPT ya rasa damar OPT, wato izinin yin aiki a fanninsa bayan kammala digiri. Hutun bazara ɗaya bai kai nan ba. Ki dai ba ofishin isasshen lokaci, don gab da ƙarshen zango kowa ke tururuwa can.

To, neman gurbin kansa. Kin yi daidai da kika ga tallan ya rabu biyu, amma akwai gida na uku da ba ya fitowa idan aka rubuta "adabi" ko "adalci" a akwatin bincike: ƙungiyoyin da aikinsu shi ne sa wasu su yi rubutu. 826 Valencia, da aka kafa a San Francisco a 2002, tana koya wa yara 'yan shekara 6 zuwa 18 rubutu tana buga musu littattafai, kuma tana da 'yan uwa a New York, Los Angeles, Chicago, Boston da Washington. Girls Write Now a New York tun 1998, da WriteGirl a Los Angeles tun 2001, suna haɗa matasa, musamman 'yan mata, da marubutan da za su raine su. InsideOUT Writers na gudanar da azuzuwan rubutu a gidajen tsare yara na Los Angeles tun 1996. Free Minds a Washington na aiki da matasan da ke tsare ta hanyar karatu da waƙa. PEN America na da shirin rubutun gidan yari tun 1971, da gasar da fursunoni ke turo rubutunsu duk shekara. A ɓangaren tattara labari daga bakin mai shi akwai Voice of Witness da StoryCorps, a aikin jarida kuma The Marshall Project, da ta fara a 2014, tana buga rubutun mutanen da suka ɗanɗani tsarin shari'a da kansu. Ba kowace shekara kowace ke buɗe gurbi ba, kuma waɗannan su ne sanannun da kowa ke rububi. Kusan kowane babban birni na da ƙaramar irinsu wadda ba ta taɓa yin talla. Ki tambayi malamanki na rubutu waɗanda ke koyarwa a gidajen yari ko cibiyoyin unguwa, ki leƙa ofishin jami'a mai kula da hidimar al'umma, sannan ki rubuta wa ƙungiyar kai tsaye.

Sai dai ki shirya wa abu ɗaya tun yanzu. A irin waɗannan wurare, mafi yawan rubutun da zai bi ta hannunki ba naki ba ne. Za ki buga rubutun hannu na fursuna a kwamfuta harafi da harafi, ki rubuta masa amsa kan waƙarsa, ki zauna da yaro har ya gama sakin layi ɗaya, ki kwafe hirar awa guda wadda kan ci awa huɗu ko fiye. A ganina wannan ya fi wa marubuci amfani fiye da a ba shi shafi ya yi ta zuba, don a nan kunne ke koyon yadda mutane ke magana, hannu kuma ya koyi gyara jimla ba tare da ya kashe muryar mai ita ba. Idan burinki sunanki ya fito a kan takarda kafin Satumba, to jarida za ki nema.

Gane talla kuwa a kalmomin aiki yake. Inda aka ce gyarawa, yin hira, kwafe hira, jagorantar aji, ko haɗa kundin rubuce-rubuce, akwai rubutu. Inda aka ce tallafa wa sashe ko kula da shafukan sada zumunta, kin riga kin san abin da ke ciki. A ganawa ki yi tambayoyi uku: me wanda ya riƙe gurbin bara ya rubuta, zan iya gani? Wa zai duba rubutuna, sau nawa a mako? A awa goma, nawa ne na rubutu ko gyara? Wanda ya kasa amsa ta biyu ba shi da wanda zai koyar da ke. Akwai kuma dabarar da ɗalibai ba su cika sani ba: ƙungiyoyi da yawa da ba na neman riba ba a Amurka suna shigar da fom 990, rahoton shekara da suke kai wa hukumar haraji, kuma kowa na iya ganinsa kyauta a intanet a Nonprofit Explorer na kafar labarai ta ProPublica. Shafin farko na fom ɗin yana nuna yawan ma'aikata da na 'yan sa-kai. Ƙungiya mai ma'aikata uku da masu koyon aiki goma, hannu kyauta take nema. Kada kuma ki raina rubuta takardar neman tallafi. Ba ta da armashi, amma ita ce rubutun da ake ɗaukar mutum aiki dominsa daga baya.

Lokaci na kayar da mutane da yawa. Manyan kafafen jarida kan rufe karɓar takardun bazara tun Oktoba ko Nuwamba. Ƙananan ƙungiyoyi sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu suke farkawa. Tallafin da jami'o'i ke ba masu horon da ba a biya kuwa yakan rufe a tsakanin nan, kuma sau da yawa ana neman shaidar ɗauka kafin a ba da shi. Saboda haka ki je ofishin neman aiki na jami'a a Janairu ki ji ranar rufewa, ki gaya wa ƙungiyar ranar da kike bukatar amsarsu. Ki tambaya ko tallafin ya shafi ɗalibai baƙi, don Federal Work-Study, wanda abokan karatunki 'yan ƙasa ke amfani da shi su yi aiki a irin waɗannan ƙungiyoyi, ba ya shafar mai F-1. Game da kuɗin kiredit, ki tambayi sashenku ko za a yarda ki yi horon a cikin zango, awa 9 a mako na tsawon mako 15, ya shiga cikin kuɗin makarantar da kika riga kika biya. Wannan kan fi sauƙi, gasa ma ta fi ƙaranci, kuma shirye-shiryen yara sun fi tafiya lokacin da makarantu ke buɗe. Idan aikin ya shafi yara ko shiga gidan yari, za a binciki tarihinki, wani wurin har da zanen yatsa da horo na musamman, abin da kan ɗauki makonni. Ki sa shi a lissafi, kar rabin hutun ya ƙare kina jira a ƙofa.

Waƙoƙinki kada su zama su kaɗai. Ki tura abu biyu, jimillarsu kada ta wuce shafi biyar sai in an nemi fiye da haka: ɗaya na ƙirƙira, ɗaya na zahiri, kamar bayanin wani mutum da kika yi hira da shi da yardarsa, kalma 600 zuwa 800. Idan ba ki da shi, jaridar ɗalibai na nan, ki rubuta kafin Disamba. Abin da mai ɗauka ke son gani shi ne kin iya saurare kin iya taƙaitawa. A wasiƙar neman gurbin, ki bar dogon bayani kan yadda zalunci ke ƙona miki rai, kowa haka yake rubutawa. Ki ambaci abu ɗaya da suka buga wanda kika karanta, ki faɗi abin da kika lura da shi, ki faɗi awannin da za ki iya bayarwa da ranakun. Harsunan da kike ji ki sa su a sama, masu aiki da 'yan gudun hijira na bukatarsu ƙwarai.

Tambayarki ta ƙarshe na ji daɗin da kika yi ta tun kafin ki fara. Amsata a'a ce, sai da izinin mai labarin da na ƙungiyar, a rubuce. Sauya suna ba ya ɓoye mutum: gari, shekara, laifin da ake tuhuma da yawan 'ya'ya sun isa a gane shi. Mai neman mafaka da shari'arsa ke gaban alƙali, bambanci kaɗan tsakanin abin da aka buga da abin da ya faɗa wa hukuma na iya zama hujja a kansa. Fursuna kuma jami'ai na karanta wasiƙunsa, abin da ya fito waje yana iya dawo masa ciki. Yaro kuwa sai iyaye ko waliyyi sun sa hannu. Yardar da mutum ya ba ƙungiya don littafinta ba ta wuce zuwa gajeren labarinki ba, kuma mai bukatar taimako yakan ce to don yana jin nauyin cewa a'a, don haka ko an ba ki izini ki nuna masa rubutun kafin ya fita, ki bar masa ƙofar janyewa. Yawancin ƙungiyoyin za su ba ki takardar riƙe sirri a ranar farko. Ki karanta ta da kyau, ki kuma tambaya a lokacin wanne daga cikin rubutun da za ki yi musu ne za ki iya nunawa a matsayin samfuri nan gaba, don abin da aka rubuta wa ƙungiya yakan zama mallakarta, kuma neman wannan izini bayan an tafi yana da wuya.

Allah ya ba da sa'a.