A Taimaki Iyali Kafin a Kai ga Ɗauke Musu Yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman a ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba a cika tattauna shi ba sai bayan ɓarna ta auku, wato yadda hukumomin kare yara ke raba yara da iyayensu, da kuma taimakon da ya kamata a ce ya isa ga iyalin tun kafin a kai ga haka. Duk lokacin da aka ji labarin yaron da aka azabtar a gida, tambayar da kowa ke yi ita ce me ya hana a ɗauke shi da wuri, kuma tambayar tana bisa hanya. Sai dai akwai wasu yaran masu tarin yawa da ake karɓewa daga hannun iyayen da ke ƙaunarsu saboda gidan ya gaza ɗaukar nauyinsu, kuma da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ya hana a tallafa wa gidan da wuri.

Alƙaluman Amurka, inda ake tattara irin waɗannan bayanai kowace shekara, sun isa su sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da hukuma ta tabbatar an cutar da su, abin da aka rubuta a fayil ɗinsu shi ne sakaci. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na yaran ƙasar, jami'an kare yara za su binciki gidansu kafin su cika shekara 18, kuma a cikin yaran baƙaƙen fata adadin ya haura rabi. Abin da ake kira sakaci kuwa ya haɗa abubuwa masu nisa da juna: akwai uwar da shaye-shaye ya ɗauke wa hankali har ta manta da jaririnta, akwai kuma wadda aka yanke wa wutar lantarki ko aka kora daga gidan haya, kuma sau da yawa takardar da jami'i zai cike ba ta bambanta su.

A ɗauki misalin mace mai yara biyu, ɗaya ɗan shekara tara, ɗaya ɗan shekara uku, wadda ba ta da miji a tare da ita kuma aikin dare take yi. Wadda ke riƙe mata yaran ta tashi daga unguwar, kuɗin ɗaukar wata mai reno ya fi ƙarfinta, idan kuma ta ƙi zuwa aiki za a sallame ta. Sai ta kwantar da ƙaramin, ta ja wa babban kunne kada ya buɗe wa kowa ƙofa, ta ajiye masa waya kusa da matashin kai, ta kulle su ta tafi gabanta yana faɗuwa. Wata rana ƙaramin ya farka ya yi ta kuka, maƙwabci ya ji ya kira hukuma. Babu shakka yaran suna cikin haɗari, kuma maƙwabcin bai yi laifi ba. Amma daga wannan daren za a buɗe fayil, a turo mai bincike, a shiga kotu, a biya lauyoyi, wataƙila a biya wani gida dabam kuɗin riƙon yaran na tsawon watanni ko shekaru, alhali abin da matar ta rasa tun farko bai wuce amintaccen wurin da za ta ajiye yaranta na awa takwas ba. Kuɗin da hukuma ba ta ga dalilin ba wa uwar ba, tana biyan ninkinsa ga baƙi ba tare da wata gardama ba.

Dokokin duniya ba su bar wannan batu a duhu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ce a sashe na 9 kada a raba yaro da iyayensa ba da son ransu ba, sai fa idan hukumar da ta cancanta ta tabbatar cewa rabuwar ce maslaharsa, sashe na 18 kuma ya ɗora wa gwamnatoci alhakin taimaka wa iyaye wajen renon 'ya'yansu. A 2009 Babban Taron Majalisar ya karɓi ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, waɗanda suka fito fili suka ce talauci shi kaɗai ba zai taɓa zama hujjar ɗauke yaro ba, kamata ya yi a ɗauke shi a matsayin alamar cewa iyalin na buƙatar tallafi. Duk da haka, a ƙasashe da yawa mafi yawan yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, kuma rashin abin hannu ne ya kai su can.

Abin da ya kamata a yi ba sabon abu ba ne, an daɗe ana gwada shi. A ƙarshen shekarun 1970 wani masani mai suna David Olds ya fara wani shiri a garin Elmira na jihar New York, inda ma'aikatan jinya ke ziyartar mata masu cikin fari, musamman matalauta da masu ƙarancin shekaru, tun suna da juna biyu har yaron ya cika shekara biyu. Ma'aikaciyar jinyar tana duba lafiyar uwa da jariri, tana nuna mata yadda za ta yi idan kuka ya ƙi ƙarewa da tsakar dare, tana kuma taya ta shawarar komawa makaranta ko neman aiki. Da aka bibiyi iyalan bayan shekara 15, sai aka tarar rahotannin cin zarafi da sakaci da aka tabbatar a gidajen da aka ziyarta sun ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da gidajen da ba a ziyarta ba. Adalci ne kuma a faɗi cewa da aka gwada irin shirin a Ingila, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wani bambanci mai yawa ba a manyan abubuwan da aka auna, wataƙila saboda a can dama kowace mai jego tana samun ziyarar ma'aikatan lafiya. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne cewa shiri ba ya aiki don sunansa, yana aiki ne gwargwadon giɓin da ya cike a wurin da aka kai shi.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda Niyu Zilan ta sanya a dokarta ta 1989, bayan al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, sun daɗe suna kukan cewa ana kwashe musu yara ana kai su hannun baƙi ba tare da an tuntuɓi dangi ba. Kafin a yanke hukunci a kan yaro, sai a kira taron dangi, kakanni da kawunnai da gwaggonni da duk wanda ya damu da shi. Jami'ai su bayyana abin da ya tayar musu da hankali ba tare da ɓoye-ɓoye ba, su amsa tambayoyi, daga nan kuma, abin da ya bambanta taron da sauran tarurrukan hukuma, sai su tashi su fita daga ɗakin su bar dangin su kaɗai. A nan ne ake faɗa wa juna gaskiyar da ba za a faɗa a gaban baƙo ba, a nan ne kaka za ta ce yaran su dawo wurinta har uwar ta gama jinya, kawu kuma ya ɗauki nauyin kai su makaranta. Idan sun gama sai jami'an su dawo su duba ko tsarin ya kare yaron, idan ya kare shi a amince a kuma tallafa. Ƙasashe da dama sun ari wannan hanya, kuma ba ta buƙatar gini ko na'ura.

Amurka ma ta ɗan gyara a 2018, lokacin da ta yi dokar da ta ba jihohi damar amfani da kuɗin tarayya na riƙon yara wajen biya wa iyaye maganin shaye-shaye, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da koyar da dabarun reno a gida, na tsawon wata 12 a karo guda. Ci gaba ne, amma yana da naƙasu biyu a ganina. An gina dokar ne a kan yaran da suka riga suka kusa shiga riƙo, wato dai sai iyali sun kai bakin rami kafin su cancanta. Sannan abin da take biya bai haɗa da kuɗin haya ko na mai reno ba, alhali bincike da dama a ƙasar sun nuna cewa idan kuɗin shigar iyalai matalauta ya ƙaru, ta hanyar ƙarin mafi ƙarancin albashi ko rangwamen haraji, rahotannin sakaci sukan ragu. Matar da ke aikin dare ba darasin tarbiyya ta rasa ba. Afirka ta Kudu, wadda ta fara biyan tallafin yara kowane wata ga masu riƙonsu tun 1998, ta fi kusa da tushen matsalar.

Kowa ya san rigakafi ya fi magani, amma da alama masu tsara kasafin kuɗi ba su taɓa jin wannan karin magana ba. Binciken da Josh MacAlister ya jagoranta a kan tsarin kula da yara na hukuma a Ingila, wanda ya fito a 2022, ya yi gargaɗin cewa idan ba a sauya hanya ba, yaran da ke hannun hukuma za su tashi daga kimanin 80,000 zuwa kusan 100,000 cikin shekara goma, kuɗin da ake kashewa kuma ya haura fam biliyan 15 a shekara. Ya nemi a zuba fam biliyan 2.6, mafi yawansu a taimakon iyalai tun da wuri, sai gwamnati ta amsa da fam miliyan 200 a 2023. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Riƙon yaron da kotu ta karɓe wajibi ne a kan hukuma, ba ta da yadda za ta kauce masa, taimakon farko kuwa ganin dama ne, don haka duk ranar da kuɗi ya yi ƙaranci shi ake fara yankewa, bayan 'yan shekaru kuma sai adadin yaran da ake karɓewa ya ƙaru ya cinye ɗan abin da ya rage.

Akwai kuma abin da kuɗi kaɗai ba zai gyara ba, wato tsoro. A wuraren da doka ta wajabta wa likita da malamin makaranta kai rahoton duk abin da suka yi zargi, uwar da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa, ko wadda mijinta ke duka, takan yi shiru ta haɗiye, domin ta san cewa bakin da ta buɗe don neman agaji zai iya zama sanadin rasa 'ya'yanta. Saboda haka nake ganin wajibi ne wurin neman taimako ya zama dabam da ofishin bincike, ya kasance cibiya ce da kowane iyali ke shiga ba tare da an yi masa kallon mai laifi ba, kuma a gaya wa iyaye tun farko, dalla-dalla, abin da za a riƙe a matsayin sirri da abin da dole a kai gaba.

Ba ina cewa a daina ɗauke yara ba ne. Akwai gidajen da barin yaro a cikinsu na dare ɗaya ma zalunci ne, kuma jami'in da ya yi jinkiri a irin wannan hali ya ci amanar aikinsa. Amma a lura da abin da ya faru a Ingila bayan mutuwar wani yaro ɗan wata 17 a arewacin Landan a 2007: da labarin ya karaɗe jaridu a shekarar da ta biyo baya, sai buƙatun karɓe yara da ake kai wa kotu suka yi tashin gwauron zabo, domin kowane jami'i na gudun kada a kira sunansa gobe. Jami'in da aka jibga wa fayilolin iyalan da talauci ne kawai matsalarsu ba zai sami lokacin da zai zauna ya lura da yaron da ake azabtarwa da gaske ba, don haka rage masa wancan nauyin kariya ce ga wannan yaron ma.

Roƙona ga 'yan majalisa da alƙalai da masu kula da walwalar jama'a shi ne a mayar da taimakon farko wajibi a doka, a ware masa kuɗin da ba za a taɓa ba idan shekara ta yi tsanani. Tun 1980 dokar Amurka ta buƙaci hukuma ta nuna cewa ta yi ƙoƙarin da ya dace don hana rabuwa kafin ta karɓe yaro, kuma irin wannan sharaɗi ya cancanci shiga dokar kowace ƙasa, muddin ba za a mayar da shi layin da ake sa wa hannu kawai ba. In ban da yanayin gaggawa, alƙali ya tambayi jami'in a gaban iyayen: wane taimako aka ba gidan nan, yaushe aka ba shi, an kira dangi ko ba a kira ba? Idan amsar ba ta gamsar ba, ya umarci hukumar ta koma ta yi abin da ta tsallake, ya kuma sa ranar da za ta dawo ta ba shi bayani.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku